Barcin Gaiwa

Ranar Talata Gidado ya wanke mata ciki
a rumfarsa ta bayan Tsohuwar Kasuwar Gombe,
ya zuba mata sabuwar manhaja, ta kyauta,
wadda ba ta roƙon lasisi kowace safiya.
Na biya dubu uku da kuɗin shayi,
na rungumo ta a mota har Dadin Kowa
kamar mai dawowa da jinjiri daga awo.

Gudu kam, tana yi. Barci ne ya gagare ta.

In na kifa murfinta, gyangyaɗi kawai take,
ƙaramar fitila na numfashi a gefenta,
tana tsotsar batir a duhu har asuba.
Batirin kuwa tsoho, ransa minti arba'in,
wutar unguwarmu kuma, ga dam a gabanmu,
sai ta ga dama take leƙo mu.

Sau uku lissafin manoman shinkafa yana tafiya:
buhun taki ɗari da sha bakwai,
sunan wanda ya karɓa,
sunan wanda zai rantse bai karɓa ba.
In buɗe da safe, allo fes,
kamar ba mu taɓa gaisawa ba.

Na kira Gidado. Ya ce, Uwani, barci iri biyu ne.
Na ce, ni za ka faɗa wa? Jikar masunta ce ni.

Baffa Manga ya taɓa kai ni fadama da bazara,
ƙasa ta daddare kamar diddigen manomi.
Ya sa fartanya, ya ɓamɓaro dunƙulen laka,
a ciki ga gaiwa a naɗe,
ba ruwa, ba motsi, tun kaka.
Ya saka ta a ƙwarya, ya zuba ruwa,
ta warware a hankali,
ta ci gaba da iyo daga inda ta tsaya.

Irin wannan nake so, Gidado.

Ya yi dariya har katin wayata ya girgiza.
Ya ce in buɗe baƙar tagar nan mai fararen haruffa.
Ashe ramin da ya haƙa mata ya yi kaɗan:
ƙwaƙwalwa giga takwas, makwanci giga biyu,
ina za ta naɗe jelarta?
Muka faɗaɗa. Ta kwanta, fitila ta mutu, na yi guɗa.
Ta farka baƙuwa.
Ta binne kayanta, amma ba wanda ya nuna mata gurbin.

Sai wata lamba, doguwa kamar layin awon hatsi,
harafi talatin da biyu,
na kwafe ta a bayan rasiɗin taki.
Na ɗauki wani "b" a matsayin shida.
Kwana biyu wannan ɗan cikin ya ci mini.
Akwai kuma maigadi can ƙofar farko
da ba ya yarda a tashi da kayan jiya;
shi ma sai da muka sallame shi.

Daren Alhamis na rubuta rabin layi:
"Talatu Barde ta karɓi buhu"
na bar shi haka, baki buɗe.
Na danna. Fanka ta ja dogon numfashi, ta yi shiru.
Na taɓa bayanta, sanyi kamar dutsen niƙa.
Na tura ta ƙarƙashin gado, na tafi suna Deba.

Kwana uku, ba wuta, ba caja.

Lahadi da la'asar na jawo ta, na danna.
Duhu.
Duhun ya daɗe har na fara zagin Gidado a zuci.
Sai haske, sai layukan nan duka a jere,
ɗan sandan rubutu yana ƙifta ido
daidai bayan "buhu",
yana jira na.

Ita ta riƙe inda muka tsaya.
Ni ce na tsaya da yatsa a sama:
biyu ne, ko uku?

Na yafa mayafi.
Gidan su Talatu da ɗan nisa, can bayan injin casa,
kuma na san ba za ta ce uku ba.